Ranar da Wayata Ta Tona Mini Asiri a Lamashegu

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara na wata makaranta a Lamashegu ba, kuma Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Ba wai kaifin ƙwaƙwalwa ne da ni ba. Yanzu haka ina manta inda na ajiye makullin shago, ina kiran jikata da sunan uwarta, ina shiga kasuwa in fito ban sayi abin da ya kai ni ba. Amma wannan rana ta samu wuri ta zauna daram. Da na ɗan yi shiru sai in hango kaina tsaye a gaban jama'a, littafi a hannun dama, waya a hannun hagu, baki a sake.

Shagon littattafai nake da shi a Aboabo, nan cikin Tamale. Na mahaifina ne, shi ya buɗe shi tun ina 'yar ƙarama: littattafan Larabci a bango ɗaya, na boko a ɗayan, alƙaluma da littattafan rubutu a teburin gaba. Da ya rasu, 'yan'uwana maza suka dubi shagon, suka dubi juna, kowa ya tuna yana da wani aiki a Kumasi ko Akra. Sai ya faɗo hannuna, kuma ban yi baƙin ciki ba, don a lokacin shagon yana ciyar da gida guda. In hutun makaranta ya kusa ƙarewa, babura kan cika ƙofar har masu tumatir na gefe su yi ta mita. Sai in wuni ban sa komai a bakina ba ban da ruwa. Mutane suka daina kirana da sunana, kowa sai "Mma Mai Littafi", har da waɗanda suka girme ni.

Yanzu kuwa in ka zo da hantsi, korar ƙuda za ka tarar ina yi. Shagunan littattafan da muke layi ɗaya da su, wani ya koma sayar da caja da rigar waya, wani ya zama wurin tura kuɗi, wani kuma an garƙame shi, awaki ke hutawa a barandarsa. Masu shigowa wurina iri-iri ne. Akwai mai zuwa ya tambayi farashi, ya jinjina kai, ya ɗauki hoton bangon littafin ya tafi nemansa a waya. Akwai wanda ko kunya babu, zai jingina da kantar shagon ya buɗe shafin da aka ba su aikin gida, ya ɗauki hotonsa ina kallo, sannan ya ce mini Allah ya ba da kasuwa. (Amin nake cewa. To me zan ce?) Har matasan malamai, waɗanda na ɗauka su kam ba za su taɓa rabuwa da takarda ba, yanzu ɗakin karatu guda suke yawo da shi a aljihun jallabiya. Ɗana da ke aiki a Akra, duk sanda muka yi waya sai ya kawo zancen in ba da hayar shagon in huta. Ni kuma sai in kawo zancen yaushe zai yi aure, mu rabu kowa da haushinsa.

Abin da ya riƙe shagon da rai shi ne makarantar nan ta Lamashegu. Ta kuɗi ce, babba, kuma tun da aka buɗe ta wurina ake turo iyaye sayen littattafai farkon shekara. Hedimastanta, Masta Alhassan, a bencin shagonmu ya yi karatun jarrabawarsa lokacin mahaifina na raye, bai kuma manta ba. Cinikin 'yan makonnin nan shi nake ja har wata shekarar ta zagayo.

To, ga inda abin kunyar ya samo asali. Idona ya fara ba ni matsala. Haruffa suka riƙa narkewa suna shiga cikin juna, sai na miƙar da hannu can nesa kafin in gane farashin da ni da kaina na rubuta. A asibiti aka ba ni tabarau mai kauri kamar gindin tambulan. Na kawo shi na cusa can ƙasan jaka, ba na sa shi sai na leƙa na ga babu kowa a layi. Ko da shi ɗin ma, in na yi shafi biyu sai kaina ya ɗauki ciwo. Ni kuwa tun rasuwar maigidana littafi ne abokin hirata. Sai ga ni zaune tsakiyar littattafai wuni guda, ba mai saye, ni ma ba na iya karantawa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba.

Akosuwa ce ta gane. Maƙwabciyata ce a layin, 'yar Kumasi, tana da injin fotokwafi a shagon da ke manne da nawa. Tare muka tsufa a wurin, ita tana kawo mini shinkafar Kirsimeti, ni ina kai mata naman Sallah. Wata rana ta shigo ta same ni na riƙe littafi can nesa ina ƙanƙance ido. Sai ta ɗauki wayar da ɗana ya aiko mini, wadda ban san komai a cikinta ba sai amsa kira, ta yi 'yan danne-danne, ta miƙo mini.

"Mma, bari wahala haka. Wani mata na nan ciki, shi zai karanta maka. Kai zauna kawai ka ji."

(Hausar Akosuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Rabin Tamale ma haka suke yi, mun saba.)

Wata Baturiya ce a cikin wayar, mai murya a sanyaye, ba ta gajiya, ba ta tari, ba ta tsallake layi. Na ce wa Akosuwa ta cire mini wannan abu, ni 'yar mai shagon littafi ce, ban lalace haka ba. Ta ce to, ta fita ba ta cire ba. Da la'asar ɗin ranar na kunna, wai don in san sharrin abin da nake yaƙa. Kafin wata ya ƙare na san sharrin nan ciki da waje.

Da ma a ce tafsiri nake saurare ko tarihin magabata, da sauƙi. Labaran soyayya ne na Turawa, irin masu bangon da ake zana mace da doguwar riga tana kallon teku, waɗanda nake laɓewa bayan kanta in karanta ina budurwa in mahaifina ya tafi masallaci. Sai in sa abin kunne guda ɗaya a ƙarƙashin mayafi, in zauna ina gyaɗa kai. Masu wucewa suna ganina haka suka ɗauka wa'azi nake ji. Wani dattijo har tsayawa ya yi ya sa mini albarka, ya ce da matan yanzu za su yi koyi da ni da gari ya gyaru. Na ce amin, alhali a kunnena wani likita ne ke roƙon wata nas ta yafe masa.

Abin mamakin shi ne, yadda nake ƙara nutsewa a saurare, haka bakina ke ƙara kaifi a kan masu karatu a waya. Duk wanda ya shigo shagon sai ya sha huɗuba. Na kuma samo wa kaina fatawa mai daɗi: ai ni ba karatu nake yi a waya ba, saurare nake yi. Da wannan fatawa na yi ta barci lafiya.

Ana nan sai ga Masta Alhassan a kan babur ɗinsa. Ya zauna a bencin nan, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, yana ta kallon silin. Da na ga haka na san ba alheri ya kawo shi ba. Daga ƙarshe ya faɗa mini cewa mai makarantar yana son a koma amfani da tabilet, allon nan mai kama da babbar waya, a zuba duk littattafan yara a ciki. Wani saurayi mai kamfani ne ya kawo shawarar. Za a yi taron iyaye ranar Asabar, saurayin zai yi bayani, shi kuma Masta ya roƙa a ba ni dama in yi magana a madadin takarda. Ya ce iyaye suna ganin girmana, wataƙila in sun ji daga bakina su ja da baya.

Na san abin da ke kan faifai. In makarantar nan ta tafi, to sai dai in kira ɗana in ce ya nemo mai haya.

Na shirya jawabi kamar mai shirin kare kanta a kotu. Haddace shi na yi, don ba zan iya karanta rubutu ba sai da tabarau, tabarau kuwa na riga na yanke ba za shi Lamashegu ba, saboda babbar hujjata a kan ido take. Na gwada jawabin a gaban Akosuwa tana cin ƙosai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ya yi daɗi ƙwarai, amma in cire wurin ido ɗin nan, in kuma cire wurin da na ce ban taɓa ba. Na ce mata ita fotokwafi ta sani, ba jawabi ba. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da cin ƙosanta.

Ranar Asabar na ci ado da leshin da nake ajiyewa don biki, na tari yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, daga gidana a Nyohini. Na yi wa kaina alkawarin yau kam ba zan saurari komai ba, ranar yaƙi ce. Amma labarin da nake ciki ya zo wani wuri mai wuyar bari. Wata mata ce da mijinta ya mutu, tana da masaukin baƙi a bakin teku, da wani kyaftin na jirgin ruwa da suka yi ta kewaye-kewaye tun farkon littafin, kowa ya ƙi faɗin abin da ke ransa. An ce jirginsa ya nutse, sai ga shi ya dawo da rai. Keken bai kai ko'ina ba na ji hannuna ya shiga jaka da kansa. Muna isa ƙofar makarantar kyaftin yana ƙwanƙwasa ƙofar masaukin. Na tsayar da karatun da ƙyar, na zare abin kunnen daga jikin wayar, na jefa su jaka, na gyara fuska irin ta manyan mata.

An kafa rumfuna a filin makarantar, an jera kujerun roba, iyaye sun cika har wasu na zaune a kan baburansu. Zafi kuwa kamar a bakin murhu. Aka kai ni babban tebur, aka zaunar da ni tsakanin Masta Alhassan da shugaban ƙungiyar iyaye, Afa Yakubu, limamin wani masallaci a unguwar, mutum mai farin gemu wanda ban taɓa jin wanda ya ce ya ga haƙoransa ba.

Sai ga saurayin mai tabilet ya zo ya durƙusa har ƙasa yana gaishe ni. Da ya matso sosai na gane shi: Fuseini ne, ɗan wata mai sayar da koko a Aboabo. Ni na sayar wa uwarsa littafinsa na farko, ranar yana riƙe da gefen zanenta. Wannan gaisuwa ta ɓata mini rai. Na shirya wa mai girman kai ne, ɗan birni mai taunar cingam, sai aka kawo mini yaro mai ladabi.

Shi ya fara magana, bai kuma ja ta ba. Ya yi zancen nauyin jakar da yara ke ɗauka, da littafin da ke yagewa kafin shekara ta raba, da yadda ake canza manhaja a bar iyaye da tarin takardun da ba su da amfani. Aka tambaye shi in an ɗauke wuta fa, in yaro ya fasa fa. Ya amsa abin da ya sani, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Ya rufe da cewa shi a shagon Mma ya fara sanin daɗin littafi. Aka tafa masa, ni ma na taɓa hannuwana kaɗan don kar a ce.

Da aka kafa mini makirfo a gabana na tashi, jakata a rataye a hannu, na ɗauki wani tsohon littafin mahaifina da na zo da shi. Maganar gaskiya, farkon jawabin ya yi kyau, don abin da na yarda da shi nake faɗa. Ina yi da Hausa ina sirkawa da Dagombanci. Na ce littafi ba ya neman caji. Na ce in an ɗauke wuta yana nan yadda yake, in ya faɗi ƙasa sai a ɗauka a kaɗe. Na ce wa ya taɓa ganin ɓarawo ya fizge wa yaro littafin lissafi a hanya? Na buɗe littafin na nuna musu rubutun hannun mahaifina a gefen shafi, na ce mutumin nan ya daɗe a kabari amma ga hannunsa ina taɓawa. Na hango kawuna suna gyaɗawa, har da na Afa Yakubu. Da na zauna a nan, da yau labarin da nake ba ku daban ne.

Amma tafi yana da daɗi, ni kuma na daɗe ban ji an saurare ni ba. Sai daɗin baki ya kwashe ni.

"Ku dube ni da kyau," na ce. "Na haura hamsin. A cikinku akwai wanda ya taɓa ganina da tabarau?"

Aka amsa da a'a.

"Takarda ce ta riƙe mini ido. Ni da kuke gani, ban taɓa karanta ko layi ɗaya na littafi a waya ba."

(Ku lura da kalmar "karanta". Har a lokacin ina ji a raina ban yi ƙarya ba.)

Don in ƙarasa da ƙarfi, sai na cusa hannu a jaka na zaro wayar, na ɗaga ta sama kusa da makirfo, littafi a ɗaya hannun, ina shirin in ce su zaɓa tsakanin wannan da wannan. Ban san inda babban yatsana ya sauka ba. Abin da na sani kawai shi ne, lasifikokin makarantar gaba ɗaya suka ɗauki muryar Baturiyata, a sanyaye, tana ci gaba daga daidai inda muka tsaya a ƙofa.

Matar ta buɗe ƙofa. Kyaftin yana tsaye jiƙe da ruwan sama. Ya kamo hannayenta biyu ya ɗora a ƙirjinsa, ya ce a cikin teku, da mutuwa ta zo masa, sunanta kaɗai ya tuna.

Da farko ba wanda ya gane. Mutane suna ta waige-waige suna neman inda Baturiya ta fito. Ni kuma na kawo wayar gaban fuskata, ban ga komai ba sai haske da wasu 'yan dabbare-dabbare. Tabarau yana can Nyohini a kan firij. Na danna wani wuri, ba abin da ya faru. Na lalubi maɓallin gefe na danne shi da ƙarfi, ashe na ƙara murya ne. Kyaftin ya sunkuyo, matar ta rufe ido, numfashinta ya sarƙe.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake rufe fuska. Na kara wayar a kunne, na ce da murya mai ƙarfi, "Halo? Halo? Ba nan ba ne, kin yi kuskuren lamba."

Baturiya ba ta kula ni ba. Ta ci gaba da bayanin leɓɓan kyaftin.

Dariyar sau biyu ta zo, wannan ne ma ya fi ciwo. Ta farko daga malamai da iyayen da ke jin Turanci. Sannan aka ɗan yi shiru, kowa ya juya yana fassara wa na kusa da shi da Dagombanci, sai ta biyu ta taso daga baya, ta fi ta farko ƙarfi, har wata mata ta zame daga kujerarta. Na ji Afa Yakubu a bayana yana neman tsari daga Shaiɗan a hankali. Masta Alhassan kuwa ya samu robar ruwa a gabansa yana karanta rubutun jikinta kamar za a yi masa jarrabawa a kai.

Fuseini ne ya taso. Ya zo da ladabinsa, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya taɓa ta sau ɗaya, Baturiya ta yi shiru. Ya sunkuyo ya yi mini magana ƙasa-ƙasa don ya kwantar mini da hankali. Bawan Allah ya manta makirfo na nan a tsakaninmu.

"Mma, kar ka damu, bai ɓace ba, na ajiye maka inda ka tsaya. Saura kaɗan ma ka gama wannan. Rubutun ne ƙanana, in ka so zan ƙara maka girmansa don ido."

Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa. Na tsaya ina kallon jama'a, su duka sun zama inuwa-inuwa a idona, amma ina ganin kafaɗu na rawa. Na buɗe baki in kawo fatawata ta saurare da karatu, sai na ji ko ni kaina ba zan saya ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "To, iyakar abin da zan ce ke nan." Na koma na zauna.

Kuma ba damar tafiya. Babban tebur yana fuskantar jama'a ne, ga sauran batutuwa: kuɗin motar yara, gyaran banɗaki, zaɓen ma'aji. Haka na zauna cikin leshina ina zufa, ina kallon wani wuri sama da kawunan mutane. Afa Yakubu ya ɗan ja kujerarsa gefe, kaɗan dai, amma na ji ƙarar. Da ya zo addu'ar rufewa ya roƙa wa al'umma tsari daga fitinar zamani, ta fili da ta ɓoye, aka shafa da amin mai ƙarfin da ban taɓa ji a taron makaranta ba.

Aka yanke cewa manyan azuzuwa za su koma tabilet, ƙanana su ci gaba da littafi tukuna. Na tafi gida ina ganin ni na kashe shagon mahaifina da yatsana. Sai daga baya Masta Alhassan ya zo ba ni haƙuri, ya faɗa mini cewa tun kafin taron kwalayen tabilet suna jibge a ofishin mai makarantar. An kira iyaye ne kawai don su ji an yi shawara da su. Shi ma bai sani ba sai ranar. Wato ko da na yi jawabin da zai sa kowa kuka, abin da za a yi ke nan. Kunyar tawa kyauta na sha ta, ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba. Ban san ko wannan ya kamata ya sanyaya mini rai ba. Gajiya kawai na ji.

Na kwanta a gida 'yan kwanaki na ce zazzaɓi ne. Ashe wani ya ɗauki abin a waya (da me kuma zai ɗauka?), ya zaga Tamale ya wuce. Ɗana ya kira daga Akra, ya yi ta ƙoƙarin yi mini jaje, yana danne dariya, daga ƙarshe ya kasa ya tambaye ni ko kyaftin ya aure ta. Na kashe wayar. (Ya aure ta. Na ƙarasa a ɗaki, ƙofa a rufe.) Ranar da na koma shago Akosuwa ta ganni ta buɗe baki za ta gaishe ni, sai ta dafa injinta ta yi ta dariya har da hawaye. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, na kuma gode mata da wannan. Masu yalo-yalo suka sauya mini suna, na tashi daga Mma Mai Littafi na koma Mma Kyaftin. Na fito da tabarau na ɗora a hanci, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Aƙalla yanzu ina ganin fuskar mai yi mini dariya.

Shagon ya yi baƙi a makonnin nan fiye da yadda ya yi a shekaru, sai dai kallo suka zo, mai kirki a cikinsu ya sayi biro. Mata kuma suka riƙa zuwa suna roƙona in sa musu matar nan mai karatu a wayarsu. Sai in nuna musu shagon Akosuwa. Ni da na je Lamashegu yaƙi da abu, na dawo ina yi masa talla ba ko sisi.

Wata rana da azahar, layin ya yi shiru maza sun tafi masallaci, wata mata ta shigo cikin dogon hijabi. Za ta kai sa'ata. Ta gaishe ni a natse, ta duba littattafan addu'o'i, ta tambayi farashin littafin rubutu, ta ajiye, ta leƙa waje. Sannan ta ce ita ce maiɗakin Afa Yakubu, tana wurin taron, can layin baya. Ta ce ta yi makarantar boko kafin aure, tana jin Turanci. Na gyara zama, na ce a raina yau kuma wa'azin har shago aka aiko mini da shi.

Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Mma, littafin nan na kyaftin. Akwai shi na takarda?"

Na ce mata ba ni da shi, amma in ta shiga shagon gefe za a sa mata a waya yanzu-yanzu, har ƙarshe.

Ta girgiza kai. "A'a, Mma. Na ga abin da waya ya yi maka. Takarda ba ya magana."

Na dube ta ta cikin tabarau. Sannan na durƙusa na jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta, na tsofaffin littattafan labari da na fid da rai da sayarwa. Babu kyaftin a ciki, amma akwai danginsa: likitoci, masu gonaki, wani mai kiwon dawaki. Ta zaɓi biyu. Na yi musu bango da takardar siminti kamar na 'yan makaranta, ta sa a ƙasan kwandon cefane, ta ɗora alayyafo a kai. Bayan mako biyu ta dawo da wata ƙawarta, ita ma da kwando.

Ba zan ce wannan zai ceci shagon ba. Kwalin ya kusa ƙarewa, ƙananan azuzuwan ma na san lokaci kawai suke jira, ɗana kuma bai daina zancen haya ba. Ina buɗewa da safe, ina rufewa da yamma, ban san sau nawa ya rage ba. Amma na koyi abu biyu, duka a makare. Na farko, hujja mafi ƙarfi da takarda ke da ita ba ta cikin jawabin da na haddace, sai a bakin matar liman na ji ta: littafi yana rufa wa mai shi asiri. Na biyu kuwa, duk abin da za ka tashi ka zaga a gaban jama'a, ka fara laluba jakarka tukuna. In yana ciki, ka yabe shi kaɗan ka zauna.